Yadda ake gano matsalar P0171 da P0420 a injin mota kafin a sayi wani kaya

Idan wutar gargaɗin inji ta kunnu, ka jona na'ura ta nuna maka P0171 ko P0420, ko su biyun tare, kada ka ɗauka lambar ta faɗa maka abin da ya mutu. P0171 tana cewa ne kwamfutar motar ta ga iska ta yi wa fetur yawa a ɓangare na ɗaya na injin, ta yi ta ƙara mai har ta kusa ƙure iyakarta. P0420 kuma tana cewa katalis ɗin da ke cikin salansa a wannan ɓangaren ba ya tace hayaƙi yadda ake so. In injin mai siffar V ne, ɓangare na biyu yana da nasa lambobin, P0174 da P0430. Ɓangare na ɗaya shi ne inda silinda mai lamba ɗaya take, ba dama ko hagu ake dubawa ba.

Masu gaggawa suna ganin P0171 sai su canja sensar oksijin, suna ganin P0420 sai su nemi sabon katalis, ba a jima ba wutar ta dawo. Tsarin da ke aiki shi ne a fara gyara cakuɗar iska da mai, a bar katalis sai ƙarshe.

Kayan aiki

Na'urar OBD2 wadda ke nuna bayanan inji yana cikin aiki. Mai karanta lamba kawai ba za ta yi maka wannan aikin ba. Ƙaramar nan irin ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa, muddin manhajar tana zana layin sensa.

Gejin matsin mai, tare da bakin da ya dace da motarka.

Injin hayaƙi na neman yoyon iska. In babu, akwai dabara a mataki na 4.

Feshin wanke sensar MAF, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, wanda aka yi don ita kaɗai.

Soket mai tsaga na milimita 22 don kwance sensar oksijin.

Gejin zuƙar iska, mita ta gwada wuta, tocila, sukundireba, filaya, hamar roba.

Jak da ƙarafan tokare mota, da abin kashe gobara a kusa da hannu.

Abin da za ka riƙe a kai

Injin fetur yana son iska giram 14.7 ga kowane giram ɗaya na mai. Kwamfuta tana auna iskar da ke shiga, ta fesa man da ya dace, sannan sensar da ke gaban katalis ta shinshina hayaƙin ta faɗa mata ko lissafin ya yi daidai. Gyaran da kwamfutar ke yi shi za ka gani a na'ura da sunaye biyu: STFT, gyaran nan take da ke hawa da sauka kowace daƙiƙa, da LTFT, gyaran da ta koya ta adana. Lamba mai alamar tarawa na nufin tana ƙara mai, mai alamar ɗebewa na nufin tana ragewa. Kullum ka haɗa su biyun. In jimillar tana tsakanin kashi 5 na ɗebewa da kashi 5 na tarawa, lafiya lau. Har zuwa 10 ana iya haƙuri. Daga nan zuwa sama akwai matsala, kuma motoci da yawa suna kunna P0171 ne idan abin ya kai wajen kashi 20 zuwa 25.

Sensar da ke bayan katalis aikinta dabam: ita ce mai sa wa katalis ido.

Mataki na 1: Karanta komai kafin ka goge komai

Jona na'urar a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Rubuta dukan lambobin, har da waɗanda ba su tabbata ba tukuna. Sannan buɗe hoton bayanan da kwamfuta ta ɗauka a lokacin da lambar ta faɗo: juyin inji, zafin ruwa, gudun mota, nauyin aikin inji, da STFT da LTFT. Wannan hoton yana rage maka rabin wahala. In ya nuna motar a tsaye tana silo, tunaninka ya tafi ga yoyon iska. In ya nuna tana gudu kuma inji na jan nauyi, ya tafi ga mai ko MAF. In zafin ruwan bai kai ba, ka zargi gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba iska ga silindoji) da ke buɗewa da sanyi ya toshe kansa idan ƙarfe ya yi zafi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne goge lambobi ko cire kan batir "a ga ko za ta dawo". Da ka yi haka hoton ya tafi, LTFT ya koma sifili, ka rasa shaidarka.

In akwai P0300 ko P0301 zuwa sama, wato wata silinda tana mis (ba ta ƙona mai daidai), ko lambobin MAF daga P0100 zuwa P0103, ko na hitar sensa kamar P0135 da P0141, su za ka fara bi. Wutar gargaɗin da ke ƙyaftawa kuwa tana nufin mis ɗin ya kai ga ƙona katalis. A daina tuƙa motar.

Mataki na 2: Duba da ido da hannu

Inji a kashe. Fara daga akwatin filtar iska: ko murfin ya zauna, ko filtar ta yage ko an jiƙa ta da mai. Bi babban tiyon roba da ya tashi daga MAF zuwa totur. Kada ka tsaya ga kallonsa daga sama. Kwance shi, ka lanƙwasa shi a hannu, ka haska tocila cikin lungunan da ke naɗe kamar zugazugi, musamman ta ƙasa. Tsagar da ke wurin a rufe take idan tiyon na zaune, sai inji ya girgiza ko an sa giya ta buɗe baki. Duk iskar da ta shiga ta nan ta wuce MAF ba a ƙirga ta ba.

Taɓa ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya: na bawul ɗin PCV mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, na bustar birki, na tururin tanki. Wanda ya yi tauri, ko ya yi laushi ya kumbura saboda baƙin mai, ko ya zare ba da ƙarfi ba, ya gama aiki. Duba murfin baƙin mai da sandar auna shi, don su ma hanyar iska ce.

Mataki na 3: Gwajin silo da 2500

Wannan shi ne gwajin da ke raba hanya, don haka a yi shi a natse. Bari inji ya yi zafi sosai, ruwa ya haura digiri 80, na'ura ta nuna kwamfuta ta fara bin maganar sensa. Kashe AC da fitilu. Rubuta jimillar STFT da LTFT a silo. Taka totur zuwa juyi 2500 a minti, ka riƙe kamar rabin minti ba tare da ƙafarka na rawa ba, ka sake rubutawa. In da hali, wani ya tuƙa kai kana kallon na'ura, a hau tudu ko a taka sosai a giya ta uku, ka rubuta na uku.

In jimillar ta yi sama a silo, a ce 22, amma ta sauko zuwa 5 a 2500, yoyon iska ne. Dalilin shi ne a silo totur a rufe yake, iskar da inji ke sha kaɗan ce, ƙaramin rami yana da babban rabo a cikinta. Da an buɗe totur, iskar ramin ta ɓace cikin yawa.

In a silo lafiya take, amma tana hawa yayin da juyi da nauyi ke ƙaruwa, to ko dai mai ba ya isa, ko MAF tana ƙirga iska ƙasa da gaskiya.

In ta yi sama a ko'ina daidai wa daida, duba matsin mai, injektoci, da sensar gaba.

A injin V akwai ƙarin haske. In ɓangarorin biyu sun tashi tare, ka nemi abin da suke tarayya a kai: MAF, famfon mai, babban tiyo, PCV. In ɗaya ne kawai, ka bar famfo da MAF su huta, ka duba gaskit ɗin manifol na wannan gefen, injektocinsa, yoyon salansarsa da sensarsa.

Wasu injuna ba su da MAF, da sensar MAP mai auna matsin iskar manifol suke lissafi. A irin waɗannan yoyon iska ya fi ɗaga silo sama da ya kawo P0171, don sensar tana jin canjin matsin. Ka san irin injin da ke gabanka.

Mataki na 4: Nemo yoyon

Da injin hayaƙi: inji a kashe, toshe bakin babban tiyo ta wajen filta, tura hayaƙi ta tiyon bustar birki ko wani bakin manifol. Matsi kaɗan ake so, kada ka haɗa da kwamfaresa kai tsaye, za ka fasa sil. Haska tocila ka bi gaskit ɗin manifol, gindin totur, robobin gindin injekta, da bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, in akwai.

In babu injin hayaƙi, sa na'ura a kan STFT, inji na silo, ka riƙa matse ƙananan tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya, da tsumma a bakin filayar. Wanda ka matse STFT ya faɗo, matsalar tana can ƙarshensa. Haka ake kama bustar birki da ta fashe ta ciki, da bawul ɗin tururin tanki da ya maƙale a buɗe. Don gaskit kuwa, fesa ruwa kaɗan a gefen manifol ka saurari canjin murya. Wasu suna fesa man wanke kafireta, STFT ya faɗo nan take in an dace da ramin. Yana aiki, amma yana kama wuta: kada ya taɓa manifol ɗin salansa ko wayar fulogi mai tartsatsi, kuma abin kashe gobara ya kasance a kusa.

A injunan da PCV ɗinsu roba ce a cikin murfin bawul, in robar ta yage za ka ji wani siririn fito a silo. Gwada buɗe murfin baƙin mai inji na aiki. In ya riƙe gam sai ka ja da ƙarfi, da ka buɗe kuma fiton ya ɗauke, ka samo ta. Hayaƙi ba kullum yake nuna wannan ba, domin yoyon ta cikin inji yake.

Mataki na 5: MAF

Duba abin da take karantawa da giram a daƙiƙa. A silo, inji da zafi, kusan giram ɗaya ne ga kowace lita ta girman inji, ko sama kaɗan. Inji mai lita 2 zai nuna wajen 2 zuwa 3. Wannan ƙiyasi ne kawai, littafin motar shi ke da ainihin lamba. MAF mai datti takan yi kamar lafiya a silo, sai an taka ta gaza.

Kwance ta, ka fesa wa siririyar wayar da ke ciki feshinta sau da yawa daga ɗan nesa, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar. Kada ka sa auduga, buroshi ko iskar kwamfaresa, kuma ban da man wanke kafireta. In wanki bai yi ba, cire soket ɗinta ka tayar da inji: kwamfuta za ta koma lissafin ajiya, in motar ta fi ja a haka, zargi ya ƙaru a kanta. Idan za a canja, a sa ta asali. MAF ta jabu tana haifar da P0171 da kanta.

Mataki na 6: Mai

Sauke matsin layi tukuna: cire fis ɗin famfon mai, tayar da inji har ya mutu da kansa. Ɗaura geji, mayar da fis. Injunan da ke fesa mai a bakin bawul galibi suna aiki da matsin bar 3 zuwa 4. Kada ka gamsu da abin da ka gani a silo. Famfon da ya gaji yana iya riƙe matsi a tsaye, amma da an taka allurar ta faɗi. In ta faɗi, fara da filtar mai, sannan ka auna wutar da ke isa soket ɗin famfo yana aiki. Waya mai tsatsa ko rile mai rauni suna sa famfo lafiyayye ya yi kamar matacce.

A injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, matsin layin sama yakan haura bar 100. Kada ka kwance shi don gwaji. Karanta matsin a na'ura, ka kwatanta wanda kwamfuta ta nema da wanda ta samu.

In matsi daidai ne amma mai bai isa ba, saura injektoci. Cire fulogi ka jera su: wanda ya fi sauran fari yana nuna silindar da ke jin yunwa. Injektocin da suka toshe a kai su injin wanki a gwada feshinsu, a sa sababbin robobi wajen mayarwa.

Mataki na 7: Yoyon salansa, sannan sensar gaba

Rami a salansa kafin sensa ba hayaƙi kawai yake fitarwa ba, yana zuƙo iskar waje tsakanin bugun hayaƙi. Sensa ta ji oksijin, ta ce mai ya yi kaɗan, alhali inji lafiya yake. Wannan rami ɗaya yana iya kawo P0171, in kuma kusa da sensar baya yake ya kawo P0420. Tayar da inji da sanyi ka saurari ƙas-ƙas a manifol ɗin salansa, ka nemi baƙin toka a gefen gaskit da wurin lanƙwasa. Wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, ramin zai yi huci. A fili ake wannan, ba a rufaffen gareji ba.

Sai yanzu ake zargin sensa. Ta tsohon salo tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, kusan sau ɗaya a daƙiƙa a juyi 2500. Taka totur farat ɗaya, ta haura 0.8, zare tiyon iska, ta faɗo ƙasa da 0.2. In tana amsa duka biyun da sauri, gaskiya take faɗa, ka bar ta. Motoci da yawa na zamani suna da sensa mai faɗin awo a gaba, wadda ba ta lilo. A Toyota za ka gan ta zaune wajen bolt 3.3, kuma hawanta ne ke nufin iska ta yi yawa. Kada ka ce ta mutu don ba ta motsi.

Mataki na 8: Katalis

Bayan gyara, goge lambobi, ka tuƙa har jimillar gyaran mai ta zauna ƙasa da 10 a silo da kan hanya. In P0420 ba ta dawo ba, an gama. In ta dawo, ci gaba.

Cikin katalis tukunya ce mai ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da filatinam, faladiyam da rodiyam, tare da sinadarin da ke adana oksijin ya sake shi. Wannan adanawar ita kwamfuta ke gwadawa. Tuƙa motar minti goma sha biyar don katalis ya ɗau zafi, riƙe juyi 2000 zuwa 2500, ka zana layin sensar baya. Katalis mai rai yana sa ta kwanta wajen bolt 0.6 zuwa 0.8, tana ɗan motsi a hankali. In tana hawa da sauka da sauri tana kwaikwayon ta gaba, ma'ajiyar oksijin ta ƙare.

Tabbatar ita kanta sensar bayan tana da rai: taka sosai ta hau sama, saki totur a kan gudu ta faɗo wajen 0.1. Sensar baya da ta yi sanyin jiki ta fi ɓoye mataccen katalis da ta yi masa ƙazafi, shi ya sa canja ta ba kasafai yake kawar da P0420 ba. Gwajin auna zafin gaba da bayan katalis da bindigar zafi, wanda ake yawan yi, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Kaurin bututu da garkuwar zafi suna ruɗa awon.

Bincika kuma ko kamfanin motar ya fitar da sabuwar manhajar kwamfuta don wannan lambar, domin akwai motocin da maganinsu ke nan.

Mataki na 9: Ko ya toshe

P0420 ba ta nufin toshewa, amma in motar ba ta ja, tana shaƙewa a kan tudu, gwada. Kwance sensar gaba, ɗaura geji a raminta. A silo matsin bai kamata ya wuce psi 1.5 ba, a 2500 kada ya haura 3. In babu bakin da zai shiga, jona gejin zuƙar iska a manifol ka riƙe 2500: allurar da ke zamewa ƙasa a hankali tana nuna hayaƙi ba ya samun hanya. In shi ma babu, bar ramin sensar a buɗe ka ɗan zagaya kaɗan, kana kula kada hucin ya taɓa waya. In ƙarfi ya dawo, ya toshe. Da salansa ta huce, bubbuga katalis da hamar roba. Ƙarar tsakuwa a ciki na nufin tukunyar ta farfashe.

Mataki na 10: Kafin a sa sabo

Katalis ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Mis yana tura ɗanyen mai ya ƙone a cikinsa har tukunyar ta narke. Injin da ke shan baƙin mai yana lulluɓe shi da fosforas. Ruwan lagireto daga gaskit ɗin kan inji, fetur mai dalma, da gam ɗin silikon da ba na kusa da sensa ba, duk suna kashe shi. Duba fulogi da kwal, lura da yadda baƙin mai da ruwa ke raguwa, kalli launin hayaƙi: shuɗi na baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na ruwa ne. In ba a gyara wannan ba, sabon zai bi sahun tsohon.

Sayi wanda aka yi wa injinka da matakin hayaƙinsa. Masu arha na kowace mota ƙarfe mai daraja kaɗan ne a cikinsu, sukan dawo da P0420 cikin 'yan watanni. In tsohon ya farfashe, zazzage ɓaraguzan daga bututu da tukunyar baya. Sa sababbin gaskit. Ƙarfen nan da ake ɗaurawa a janye sensar baya daga hayaƙi wutar kawai yake kashewa, haka ma fasa tukunyar a zubar. Hayaƙin yana nan da gubarsa, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana.

Bayan an ɗaura, goge lambobi, ka tayar da motar da sanyi, ka bar ta ta yi zafi, ka yi tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar a gudu ɗaya tsakanin kilomita 70 da 90, ka saki totur sau biyu ko uku ba tare da taka birki ba, sannan ka bar ta ta yi silo. Buɗe shafin gwaje-gwajen kwamfuta a na'ura ka ga ko na katalis da na sensar oksijin sun nuna an kammala. P0420 sai ta faɗi gwaji a tafiya biyu kafin ta kunna wuta, don haka maimaita tafiyar washegari da inji mai sanyi, ka sake duba lambobin da ba su tabbata ba.